Daga Rumbu Zuwa Kumbo



Ranar Talata 20 ga Fabrairun 1962, wani Ba'amurke mai suna John Glenn ya ratsa ta saman ƙasar Kano a cikin wani ɗan kumbo wanda da ƙyar ya ɗauki mutum ɗaya. A wancan lokacin hukumar NASA ta Amurka tana da tashar bibiyar kumbo a Kano, ɗaya daga cikin tashoshin da ta jera a kewayen duniya don kada muryar ɗan sama-jannatinta ta ɓace mata. Glenn ya duba ta taga, ya shaida wa ma'aikatan tashar cewa yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa. Suka ce masa ai mako guda ke nan iska na kaɗawa da ƙarfi. Mutumin Gwarzo ko na Kabo ba sai an yi masa bayanin wannan ƙura ba, ita ce ta ƙarshen hunturu, mai tsaga leɓe da sa ƙafa faso. Sau uku Glenn ya zagaya duniya cikin ƙasa da awa biyar, ya sauko lafiya.

A wannan shekarar ce kuma wasu matasa a jami'ar MIT ta Amurka, Steve Russell da abokansa, suka kammala wani wasan kwamfuta mai suna Spacewar. Kumbo biyu ne ke farautar juna a kusa da wani tauraro mai fisgarsu, kowanne da ɗan mansa da 'yan makamansa ƙidayayyu. Ba wanda ya sa su, ba wanda ya biya su, kuma ba su sayar ba. Sha'awa ce ta hana su barci. Kwamfutar da suka yi aikin da ita, PDP-1, ta kai girman manyan durowoyin kaya, amma wayar Android mafi araha da ke rumfar mai caji a tashar Gwarzo yau ta ninka ta ƙarfi sau dubbai.

To, a tsaya a wannan rumfar. Bayan la'asar ne, wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta a manne, janareto na ruri a baya ko farantin sola na shan rana a kan kwano. A gefe samari huɗu sun haɗa kai a kan waya ɗaya, ana Free Fire ko ana buga ƙwallo, ana ihu. Haka abin yake a Getso, haka a Garo, haka a Kutama. A cikin irin wannan taro ba a rasa yaro ɗaya da hankalinsa ba ya kan cin wasan. Shi abin da ke cin ransa shi ne, yaya aka yi wannan mutumin na cikin waya ya san an taɓa shi? Wa ya gaya masa ya faɗi idan jininsa ya ƙare? Wannan yaron, ko wannan yarinyar da ke yin tambayar a cikin gida da wayar yayanta, shi sharhinmu na yau ya dosa, musamman idan burinsa shi ne ya ƙera wasan waya na ɗan sama-jannatin da ya maƙale a sararin samaniya yana neman yadda zai tsira da ransa.

Kuskuren farko da kusan kowa ke yi shi ne ya ce zai yi irin Free Fire ko PUBG, amma a duniyar Mars. Waɗannan wasanni kamfanoni ne ke bayansu, da ɗaruruwan ma'aikata da manyan na'urorin da ke haɗa 'yan wasa ta intanet dare da rana. Mai waya ɗaya da datar mako ya ce zai kamo su, wata uku ya yi yawa zai watsar, ya kuma ɗauka shi ne bai iya ba.

Alhali wasannin tsira a sararin samaniya da suka yi suna, da yawansu 'yan tsirarun mutane ne suka yi su. A 2012 mutum biyu, Justin Ma da Matthew Davis, suka fitar da FTL. Sun nemi jama'a su tallafa musu da dala 10,000 ta intanet, aka tara musu sama da dala 200,000. A 2014 wani ɗan ƙaramin kamfani a Faransa, Mi-Clos, ya fitar da Out There a wayoyin hannu. Babu harbi a cikinsa ko ɗaya. Abu uku mutum yake gadi, mai da iskar shaƙa da lafiyar jikin kumbo, yana tsalle daga tauraro zuwa tauraro, duk wanda ya ƙare a cikin ukun tafiya ta ƙare. Wanda ya fi ba da mamaki shi ne Lifeline na 2015. Rubutu ne zalla. Wani ɗan sama-jannati mai suna Taylor, wanda kumbonsa ya faɗi a wani wata da ba kowa, yana turo wa mai wayar saƙo yana neman shawara, shi kuma yana zaɓa masa ɗaya cikin biyu. Idan Taylor ya ce zai kwanta, sai an jira shi awanni na gaske kafin ya sake magana. Mutane suka riƙa duba waya da tsakar dare don su ga ko ya farka.

Abin da ya haɗa wasannin nan uku lissafi ne, lissafin abin da bai isa ba. Kuma a nan ne mai wannan sharhi yake ganin ɗan Gwarzo da ɗan Kabo sun shigo fagen da jarin da ba su san suna da shi ba, domin a gaban rumbu suka tashi.

Da kaka ta yi, maigida zai ɗaure dawarsa da geronsa dami-dami, ya fitar da zakka, ya ƙirga sauran ya zuba a rumbu. Daga ranar lissafi ya fara. Baki nawa ne ke ci a gidan, kwano nawa ake ba uwargida awo kullum, wata nawa ya rage kafin a ga tumu. Ga iri da aka ware can gefe, wanda ko yunwa ta kai ina ba a taɓa shi. Sannan ga abin da ba a shirya masa ba: baƙi sun sauka, suna ya taso, yaro ya kwanta ciwo sai an fitar da buhu an kai kasuwa, gara ta shiga rumbun ta ƙasa, ruwa ya yi jinkirin sauka. Wanda ya saki hannu a bazara zai gane kurensa a marka, lokacin da gona ta yi kore shar amma rumbu ya zama wayam. Uwargida kuma tana nata lissafin a madafa, yau a yi tuwo sau biyu ko a mai da na rana kunu, a rage wa manya don yara su ƙoshi.

A canza sunayen kawai. Hatsi ya zama iskar shaƙa. Tumu ya zama kumbon agajin da zai iso nan da kwana 30. Gara ta zama ɗan ƙaramin rami a jikin tanki da ke yoyo ba a sani ba. Iri kuwa ya zama batirin ƙarshe da aka ajiye don kunna injin komawa gida, ga sanyi yana neman kashe mutum, ga na'urar ɗumama ɗaki tana jiran wuta. A ci irin a kwana da ɗumi, ko a daure a kwana ana makyarkyata? Wannan tambayar ita ce zuciyar wasan, zane da kiɗa duk ado ne da ke zuwa daga baya. Masu koyon ƙera wasa a manyan makarantu suna shan wahala kafin su gane cewa wasa ba ya kama zuciya sai kowane zaɓi yana da abin da zai ci wa mutum. Yaron da ya taɓa ganin mahaifinsa tsaye a bakin rumbu ya yi shiru yana duba ciki, ya riga ya ga wannan darasin da idonsa. Ko a aljihunsa ma yana yin irinsa. A ƙarshen Oktoban 2024, da manyan layukan lantarki suka lalace Kano da jihohin arewa da dama suka yi sama da mako guda a duhu, kowa ya zama mai lissafin caji: a kira gida, ko a haska tocila, ko a bar sauran don saƙon banki.

Su ma 'yan sama-jannatin gaske wannan lissafin ne ya taɓa cetonsu. A watan Afrilun 1970 tankin iskar shaƙa na kumbon Apollo 13 ya fashe a hanyar zuwa duniyar wata, nisan sama da kilomita 300,000 daga gida. Mutum uku, Jim Lovell da Jack Swigert da Fred Haise, suka koma cikin ɗan ƙaramin sashen sauka da aka ƙera don mutum biyu su yi kwana biyu, suka yi kusan kwana huɗu a ciki. Suka kashe kusan duk abin da ke cin wuta, sanyi ya rufe su. Ruwan da kowannensu ke sha a rana bai kai rabin ledar fiya-wata ba. Sai kuma gurɓatacciyar iskar da suke fitarwa ta fara taruwa, ga matatun iskar da suka rage musu masu kusurwa huɗu ne, ramin da za a sa su kuma zagayayye. Da leda da kwali da tiyo da salatif suka haɗa su, bisa umarnin injiniyoyin da ke ƙasa, suka sauko da ransu ranar 17 ga watan. Duk bakaniken da ke gyaran babur a bakin titin Gwarzo zai gane wannan aikin, don kullum da irinsa yake cin abinci.

Nijeriya ma tana da nata labarin. Tauraron ɗan'adam na sadarwa na farko da ta mallaka, NigComSat-1, wanda aka harba daga Sin a watan Mayun 2007, ya daina aiki a Nuwamban 2008 saboda fikafikansa masu zuƙar hasken rana sun sami matsala, wuta ta ƙare masa. Sai a Disamban 2011 aka harba madadinsa. Mai neman labarin da zai ɗora wasansa a kai, ga shi nan a gida.

Ta ina za a fara? Shawarar da ta fi inganci ita ce a ajiye wayar tukuna. A samo kwali da ƙwayar wake, a yi tsibi uku: iska, ruwa, wuta. A yanka 'yan takardu talatin a rubuta abin da zai iya faruwa a kowace rana. Wata ta ce tanki ya yi yoyo, ko ka ba da wuta uku ka liƙe shi ko ka riƙa asarar iska ɗaya kullum. Wata ta ce an hango tarkacen wani kumbo, zuwa can zai ci iska huɗu, wataƙila a samo ruwa, wataƙila a dawo hannu rabbana. A kira ƙanne a zauna a zaure kamar za a yi dara, kowace rana a ɗebe wake ɗaya daga kowane tsibi a ja takarda. Idan kowa yana kaiwa rana ta talatin cikin sauƙi, wasan ya yi lami, a rage waken. Idan kowa yana mutuwa a rana ta shida, an yi zalunci, a sassauta. Ranar da ƙanin nan mai shekara goma ya mutu a rana ta 27 ya ce don Allah Yaya a sake, to an sami wasa. Bai ci ko kwabo ba, kuma aikin da aka yi a zauren ya fi rabin aikin gaba ɗaya.

Sai a koma kan na'ura. Akwai manhajojin da ake ƙera wasa da su, kuma wadda ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi ita ce Godot. Wasu 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka ƙirƙire ta, suka sake ta kyauta a 2014, ba ta karɓar kaso daga abin da mutum ya samu. Ba ta da nauyin saukewa, tana tafiya a tsohuwar laftof, kuma akwai nau'inta da ke aiki a kan wayar Android kai tsaye. Wanda ya sayi ɗan kibod da igiyar haɗa shi da waya a kasuwar Farm Centre a Kano, ya sami wurin aiki. Unity ta fi ta suna kuma ta fi yawan darussa a YouTube, sai dai tana son kwamfuta mai ƙarfi da data mai yawa, kuma a Satumban 2023 kamfaninta ya tayar wa masu ƙera wasa hankali da ya ce zai riƙa cajinsu bisa yawan sauke wasanninsu, kafin ya janye bayan shekara guda. Wanda rubuta umarnin kwamfuta, abin da yara ke ce wa kodin, yake ba shi tsoro da farko, zai iya somawa da GDevelop, inda ake jera sharuɗɗa da sakamakonsu ba tare da rubutu mai yawa ba. Zanen kumbo da taurari kuwa ba sai an tsaya ana fama ba, wani ɗan Holan da aka sani da Kenney ya zuba dubbansu kyauta, hotunan NASA ma akasarinsu kowa na iya amfani da su.

Bari a matso kusa a ga irin abin da ke faruwa a makon farko. Matashi ya rubuta cewa iska 100 ce, ta riƙa raguwa kaɗan-kaɗan, idan ta kai sifili a nuna an mutu. Ya gwada a 'yar itel ɗinsa mai tsagaggen gilashi, ɗan sama-jannatin ya yi minti uku kafin ya shaƙe, daidai yadda yake so. Da murna ya tura wa abokinsa mai sabuwar Infinix, sai ga shi a can minti ɗaya kawai yake yi. Ya duba rubutun sau goma bai ga kuskure ba. Abin da ya faru shi ne, waya tana zana hoton wasa sau da yawa a kowace daƙiƙa, mai ƙarfi ta zana sau 60, mai rauni wataƙila sau 20, shi kuma ya ɗaura raguwar iskar a kan kowane zane. Maganin layi ɗaya ne, a ɗaura ta a kan lokacin da ya wuce tsakanin zane da zane. Amma kafin ya gano wannan layin zai iya kwana biyu, kuma ranar da ya gano shi ba zai ƙara mantawa ba har abada. Haka ake koyon wannan sana'a, matsala ɗaya bayan ɗaya.

Ta biyu tana nan tafe. Mutum ya kai rana ta 25, kira ya shigo ko caji ya ƙare, ya dawo ya tarar an mai da shi rana ta farko. Wanda ya zauna inda wuta ba ta ɗaukewa zai iya mantawa da wannan, ɗan Kabo bai kamata ya manta ba: wasan ya riƙa adana inda aka tsaya a ƙarshen kowace rana, ya yi aiki ba tare da intanet ba, kuma ya zama mara nauyi yadda za a tura shi ta Xender cikin ƙiftawar ido, ko a ba masu turi su zuba wa mutane tare da fina-finai. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa sai ya duba nauyin abu kafin ya sauke.

Ta uku kuwa tamu ce mu kaɗai. Ya rubuta saƙon Hausa a wasan, ya buɗe ya ga duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take, wani ɗan akwati ne ya fito. Salon haruffan da ya zaɓa ne ba shi da masu lanƙwasa. Kada ya ce bari a rubuta da k da d a wuce wurin. Akwai salon Noto na Google, kyauta ne kuma yana da su duka.

Wannan ya kawo mu ga maganar harshe, wadda mai sharhin nan ya ɗauke ta da muhimmanci ƙwarai. Wasannin tsira a sararin samaniya da Turanci sun cika kasuwa, wanda ya ƙara ɗaya ya zuba ruwa ne a kogi. Da Hausa kuwa fili ne fetal. Kuma kada wani ya ce Bahaushe da kumbo ba su dace ba. Tun a 1969, shekarar da aka taka duniyar wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka yi balaguro da shi zuwa sararin samaniya. Kakanni kuma sun raɗa wa taurari suna tun kafin nan: ga Zara matar wata, ga Gamzaki mai fitowa da asuba, ga Kaza da 'ya'yanta. Me zai hana tashar da ɗan wasa ke neman kaiwa ta zama Gamzaki, guzurinsa ya zama ƙuli-ƙuli da dabino da garin ɗanwake, muryar da ke ba shi umarni daga ƙasa ta riƙa ce masa sannu da ƙoƙari, Allah ya fid da kai? Akwai ma tambayar da wasannin Turawa ba sa yi. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana zagaya duniya cikin kusan minti 90, rana ta fito ta faɗi sau 16 a yini guda. Yaya mai salla zai yi? Malesiya ta fuskanci wannan a 2007 da ɗan ƙasarta Sheikh Muszaphar Shukor ya tafi can a ƙarshen watan azumi, har malamai da masana kimiyya suka zauna suka fitar masa da ɗan littafin jagora. Wanda zai sa irin wannan a wasansa ya je wurin malaminsa ya yi tambaya tukuna, amma ya sani abu ne da zai sa ɗan wasan Kano ya ji da shi ake.

Maƙwabta sun riga sun gwada hanyar. A Yamai, Mahaman Sani Housseyni Issa ya fitar da wasan waya mai suna Les Héros du Sahel, da jaruminsa Shamsou mai samun ƙarfi daga rana. A Kamaru, Olivier Madiba da kamfaninsa Kiro'o sun fitar da Aurion a 2016 bayan shekaru suna fama da ɗaukewar wuta. A Legas, Hugo Obi ya kafa Maliyo a 2012, kuma ɗaya daga cikin wasanninsu sunansa Aboki Run. Kalmarmu ta riga mu shiga kasuwar, saura masu ita.

Wani jarin kuma yana hannun mata. Kano cike take da marubutan da ke sakin labari kashi-kashi ta WhatsApp, sun san yadda ake yanke babi a daidai inda mai karatu zai kasa barci. Wasa irin Lifeline ba abin da yake bukata sama da wannan gwaninta. Yaya mai kodin da ƙanwa mai alƙalami, a gida ɗaya, sun isa kamfani.

Batun kuɗi kuwa gara a faɗi gaskiya tun da wuri. Kowa ya ji labarin Dong Nguyen na Biyetnam, wanda ɗan wasansa Flappy Bird ya kai yana kawo masa kusan dala 50,000 a rana daga talla a farkon 2014, kamar yadda shi da kansa ya faɗa. Irin wannan sa'a ba a gina rayuwa a kanta. Among Us, wanda shi ma a cikin kumbo ake yin sa, mutum uku ne suka fitar da shi a 2018, ya yi shekara biyu ba wanda ya kula shi sai da annobar korona ta zaunar da duniya a gida. Dubban wasanni kuwa ba sa samun ko wannan. Mai son sa wasansa a Play Store zai biya dala 25 sau ɗaya, ya tabbatar da shaidarsa, kuma idan sabon asusu ne na mutum ɗaya, sai mutum 12 sun yi kwana 14 a jere suna gwada wasan kafin a ba shi damar sakinsa ga duniya. Idan ya sa talla ta AdMob, ba a biyansa sai kuɗin sun taru sun kai dala 100, kuma tallan da aka kalla a Nijeriya bai kai wanda aka kalla a Amurka daraja ba. Sannan ya shiga saitin tallan ya toshe na caca da na batsa da hannunsa, don wasan zai faɗa hannun yara, kuma sunansa ne a jiki.

Iyaye da ke sauraro, musamman waɗanda suka ga yaro ya duƙufa a kan waya suka ce ya lalace, yana da kyau a leƙa a ga me yake yi. Mai buga wasa daban, mai caca daban, mai ƙera wasa daban. Na ukun nan lissafi yake yi, yana karanta Turancin da a aji yake gudu, yana koyon haƙurin bin matsala har gindinta. Ilimin da ya sa iskar ɗan sama-jannati ta ragu daidai, shi ne dai ake rubuta manhajar asibiti da ta banki da ta ajiyar kayan shago da shi. A sa masa ƙa'ida, gona da makaranta da salla su sami haƙƙinsu, amma kada a ƙwace wayar.

Wuraren neman ƙari ma suna matsowa kusa. Ga babbar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Kabo, ga Makarantar Nazarin Muhalli ta Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano a Gwarzo, ga sabuwar harabar Jami'ar Bayero a kan titin da ya miƙe zuwa garin. A cikin birni akwai Engausa, wadda Injiniya Mustapha Habu Ringim ya kafa don koyar da fasahar zamani da Hausa, akwai kuma cibiyar CITAD. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 ya sa ƙera wasanni a cikin fannonin da yake koyarwa. Abin da ya kamata makarantun Kabo da Gwarzo su yi ba ya bukatar kasafi: ɗaki ɗaya mai sola da soket, a buɗe shi ranar Asabar, a bar yaran gari su shigo da wayoyinsu, a ba su kwana biyu su haɗa ɗan wasa su nuna wa juna, kamar yadda ake yi a taron Global Game Jam duk shekara a ƙasashe da dama.

Kafin a sami wannan ɗakin, rumfar mai caji tana nan. Mutum 12 da Google ke nema suna zaune a kan bencinta kullum bayan la'asar, da Tecno da itel da Infinix iri-iri, tsofaffi da sababbi, wato daidai wayoyin da ake son a gwada wasan a kansu. Matashin ya karɓi adireshin imel ɗinsu ɗaya bayan ɗaya, ya tura musu, ya koma gefe da biro da littafi. Kada ya yi musu bayani, kada ya karɓi wayar ya nuna musu inda za su danna. Ya zuba ido kawai ya rubuta inda yatsa ya yi ta lalube bai sami maɓalli ba, da rubutun da aka matso da waya kusa da ido kafin a karanta, da ranar da mutum ya gaji ya ajiye. Idan an kira magariba ya rufe littafin, gobe da safe ya fara gyara daga shafin farko.